Ragowar Sefa Daga Maraɗi

'Yan'uwa na Mahuta, kudu da kogin Kaduna, masu zuwa hutu Maraɗi, in kun dawo da ragowar sefa kada ku yi gaggawar kai wa ɗan canji. Sau biyu zai ci riba a kanku ke nan, da tafiya da dawowa. Ƙarafan ma da wuya ya karɓa. Gara ku ƙarar da su a kan kilishi da dabino kafin ku tsallako Jibiya. Takardun kuwa ku adana: ƙasashe 8 ke kashe su, har da Binin da Togo, kuma tun 1999 darajarsu na ɗaure da Yuro. Sai dai kada ku nufi Kamaru da su. Tasu sefar daban ce.