Ni Na Fara Yin Kwament

Jama'a, yau laifina zan faɗa, ba na wani ba.

Kwanakin baya wani ƙanina da ke Roni ya turo hoto a gurup ɗinmu na WhatsApp: an tsare wani baƙo a tasha, wai ɓarawon yara ne, wai daga Nijar ya shigo ta Babura. Ban tambayi komai ba na rubuta, "Allah ya isa, kada a bar shi." Kafin la'asar duk wanda ya leƙo sai ya ɗora a kan tawa, har da masu cewa a ƙona shi. Bayan magariba aka gano bawan Allah ɗan'uwansa yake nema, ya yi ɓatan hanya. Dattawan tasha ne suka ɓoye shi a shago. Ba don su ba, wallahi da yanzu da hannuna a jininsa.

Abin ya hana ni barci. Ashe masana sun daɗe suna gwada wannan halin namu.

A 2013 Sinan Aral da abokan aikinsa sun wallafa gwajin da suka yi a wani shafin labarai, da kwament sama da 100,000. Sai su zaɓi wasu haka kawai, su danna musu alamar yabo ta farko. Wannan dannawar guda ɗaya ta ƙara yiwuwar mai zuwa shi ma ya yaba da kashi 32 cikin 100. Kun gani? Na farko ke share wa sauran hanya.

A Janairun 2012 kuma Facebook da kansa ya yi gwaji na mako guda a kan mutum 689,003 ba da saninsu ba. Wasu aka rage musu rubuce-rubucen farin ciki, wasu na baƙin ciki. Waɗanda aka rage wa na farin ciki, sai nasu rubutun ya ɗan karkata ga ɓacin rai. Tasirin kaɗan ne, amma da aka wallafa a 2014 duniya ta yi ca.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na jami'ar MIT a Amurka, 2018. Sun bi labarai kusan 126,000 a Twitter, suka ga ƙarya na isa ga mutum 1,500 cikin sauri kusan ninki shida fiye da gaskiya. Kuma mutane ne ke yaɗa ta fiye da kima, irina da irinku.

Zaɓen 2027 na matsowa, hotuna da odiyo za su yi yawa daga Kazaure har Gwiwa. Ni dai na yi wa kaina alkawari: kafin in yi kwament a kan wani, sai na kira wanda ke wurin na ji. In ban samu ba, in kama bakina. Magana zarar bunu ce.

Shi kuma baƙon nan, ko sunansa ban sani ba. Duk wanda ya san inda yake, don Allah ya roƙar mini gafararsa.