Bazara a Edinbara: lafiyar da ke bakin ƙofa

Idan Bahaushe ya ji an ce bazara, zafi da gumi da jiran hadari ne ke zo masa a rai. A Edinbara, babban birnin Sikotland, abin da ake kira bazara shi ne lokacin da ƙasa ke farfaɗowa daga hunturu, daga Maris zuwa Mayu. A Disamba hasken yini kusan awa 7 ne kawai, amma kafin ƙarshen Yuni ya haura awa 17. Iyalin da suka yi watanni a kulle cikin ɗaki, yara na ta ƙunci, uwa na fama da kasala, su ne suka fi buƙatar su san abin da ke tsirowa a ƙofar gidansu.

Abin yana zuwa ne bi da bi. Tun a Fabrairu wasu ƙananan fararen furanni masu sunkuyar da kai ke ɓullowa a gindin itatuwa, sanyi bai hana su ba. Daga nan sai kurokus, shunayya da rawaya, ya bazu a gefen hanyoyin filin Meadows da ke kudu da tsohon gari. Maris na dafodil ne, mai rawaya kamar kwaiduwar ƙwai. Wajen ƙarshen Afrilu kuma itatuwan ceri na wannan fili su yi fure ruwan hoda, iska na kaɗo shi a kan masu wucewa. Wanda ya hau dutsen Arthur's Seat, mai tsawon mita 251 a tsakiyar birnin, zai tarar da wata ƙaya mai rawayan fure da ke ƙamshi kamar kwakwa.

A bakin kogin Leith, wanda ya ratsa birnin, akwai hanyar ƙafa. Nan zalɓe ke tsayawa cik yana dakon kifi, agwagi na jan 'ya'yansu a baya, kurege na tsalle a reshe. Mai sammako da sa'a kan ga karen ruwa. A kududdufai kuwa ƙwan kwaɗi na zama talibambam, abin da ke riƙe yaro fiye da waya.

Cikin tsuntsayen da ke isowa a Afrilu har da baƙi daga wajenmu. Tsattsewa na ƙetare Sahara kafin ta iso. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke yin hunturu a yankin Sahel, ya dawo Birtaniya ya yi sheƙa cikin sarƙaƙiya. Da fari ya afka wa Sahel, a 1969 fiye da kashi biyu cikin uku na irinsa ba su dawo ba. Yadda manomi ke duban shamuwa ya san damina ta kusa, haka mutanen nan ke duban tsattsewa.

Fitar tana da amfani ga jiki. Daga Oktoba zuwa Maris ranar wannan ƙasa ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa sinadarin bitamin D, wanda ƙashi ke buƙata, kuma ƙarancinsa kan lanƙwasa ƙafafun yara. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, na ba da shawarar shan maikurogiram 10 a kullum a watannin sanyi, masu baƙar fata da masu rufe jiki kuma su duba yiwuwar sha duk shekara. Saboda haka a fita a sha rana, amma kada a ajiye ƙwayar.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Saiwar dafodil na kama da albasa, kuma guba ce mai sa amai da gudawa, don haka kada ta kusanci kicin. Tafarnuwar daji da ke cika bakin kogi da ƙamshi na da 'yan kama masu guba. Wanda bai ƙware ba ya bar ta a inda take. Garin furen itatuwa daga ƙarshen Maris, da na ciyawa daga tsakiyar Mayu, na jawo atishawa da ƙaiƙayin ido, yana kuma tayar da asma, don haka mai ita ya riƙe abin shaƙarsa. In an shiga doguwar ciyawa a duba jikin yara saboda kaska, wadda ke ɗauke da cutar Laim. Idan jan zobe ya bayyana a inda ta ciza, a je wa likita.

Duk wannan ba ya cin kuɗin mota ko na shiga. Rabin awa bayan an taso daga makaranta ya isa. A bar yaro ya zaɓi itace guda a layinsu, ya riƙa duba shi kowace Asabar daga Maris har Mayu, yana faɗa wa iyayensa abin da ya canza.