Gashaka a Tsakiyar Marka

Duk wanda ya san gandun dajin Gashaka-Gumti zai ce maka lokacin zuwansa rani ne, daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da koguna suka ja baya, ciyawa ta bushe, namun daji suka dawo bakin ruwa. Mu kuwa a watan Agusta muka je, marka tana tsakiyarta. Wani abokina da aiki ya kai shi Jalingo ne ya ce mu ci moriyar ranar hutu, mu je mu ga duwatsun ko da daga nesa ne.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Daga Jalingo muka nufi kudu, muka ratsa Garba Chede, gonakin masara da na shinkafa sun rufe hagu da dama. A Bali muka tsaya karin kumallo, shayi da burodi da dafaffiyar gyaɗa, sannan muka leƙa kogin Taraba daga kan gada. Ya cika ya batse, ruwan ja wur, yana tafe da rassan itatuwa. Direbanmu, dattijo ne da ya daɗe yana bin hanyar Gembu, ya nuna gabas da hannu ya ce, "Malam, wannan ruwan duk daga inda za mu je ya fito."

Bayan Bali ƙasa ta fara tashi. Tuddai suka riƙa matsowa kusa da titi, koraye shar, kawunansu a cikin gajimare. Ramukan hanya sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai taya ta faɗa, don haka hantsi ya ɗaga sosai kafin mu shiga Serti, garin Lamdo Gashaka, inda hedikwatar gandun take. A kasuwa Hausa da Fillanci ne ke tashi, ga kuma Jibawa da Ndoro da Mambila kowa da harshensa.

Ofishin gandun shiru, babu baƙo ko ɗaya sai mu. Ma'aikatan suka karɓe mu hannu biyu, muka rubuta sunayenmu, muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da wani mai gadin daji. Tun kafin ya shiga mota ya faɗa mana gaskiya: "Yallaɓai, yanzu damina ce. Za mu tafi iya inda ruwa ya bar mu."

A hanya ya ba mu labarin wurin. A 1991 aka haɗa gandun Gashaka da na Gumti suka zama gandun ƙasa guda, kuma shi ne mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Ɓangaren arewa, Gumti, yana jihar Adamawa, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren kudu, Gashaka, yana Taraba, shi ne mai duwatsu da kwazazzabai da kurmi. A can kan iyakar Kamaru dutsen Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, tsayinsa mita 2,419, babu wanda ya kai shi a duk ƙasar nan. Hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙafa, kuma da rani ake yinta.

Da muka bar kwalta sai gamba ta rufe mu, ta fi motar tsawo. Tsando ya riƙa bin mu, dole muka ɗaga gilasai. Ɓauna da gwanki da dorina duk suna cikin wannan daji, haka giwar ruwa da tsage a kogin Kam, amma damina ta watsa dabbobi cikin duhuwa, tunda ko'ina akwai abin sha. Abin da muka gani shi ne garken gogo suna tsallaka hanya, uwa da ɗanta a gadon baya, sai wani mazo da ya gifta ya ɓace, sai tsuntsaye iri-iri. An ƙidaya fiye da nau'i 500 a gandun.

Niyyarmu mu kai ƙauyen Gashaka, mu hau tudun da ke da kufan ganuwar Jamusawa. Wannan yanki yana cikin Kamaru ta Jamus ne har zuwa yaƙin duniya na farko, sannan ya koma hannun Ingila, sai a 1961 jama'arsa suka jefa ƙuri'ar shiga Nijeriya, aka raɗa masa Lardin Sardauna. Gaba da Gashaka kuma akwai Kwano, sansanin da masu bincike suka kafa don nazarin cimpanzi, birin nan mai kama da mutum, na irin da ba a samu sai a Nijeriya da Kamaru. Amma ruwa ya tare mu. Wani rafi da mai gadin ya ce da rani yaro ma yana taka shi, yau ya shafe mashigar gaba ɗaya, ƙararsa ta hana mu jin maganar juna. Ya duba, ya girgiza kai, muka kashe mota.

A bakin rafin nan na fahimci amfanin wannan gandu. Ta kowane lungu ruwa ke gangarowa daga duwatsu. Kurmin da ke bisa gangaren yana riƙe ruwan sama kamar soso, yana sakinsa a hankali, shi ya sa koguna ba sa ƙafewa idan rani ya yi tsanani. Waɗannan rafuka su ke ciyar da Taraba, Taraba ta zuba a Binuwai, Binuwai ta haɗu da Kwara a Lakwaja. Masunci ko mai noman rani ko makiyayi da ke can ƙasa, wanda bai taɓa jin sunan Gashaka ba, arzikinsa yana rataye da itatuwan nan.

Itatuwan kuwa suna cikin haɗari. Mai gadin ya tuna mana shekarun da aka yi rububin sare madobiya, wadda a Taraba ake kira madrid, ana loda ta a tireloli zuwa tashar jiragen ruwa, daga can sai Sin. Dazuzzukan kewaye sun sha sara, har masu injin yanka suka fara leƙo gandun. Ga mafarauta, ga masu haƙar ma'adinai ba da izini ba, ga shanu da ake korowa fiye da abin da ciyawa za ta ɗauka. Akwai masu gadi da suka rasa rayukansu a bakin wannan aiki. Tun 2017 gidauniyar Africa Nature Investors ta shiga yarjejeniya da hukumar gandayen daji ta ƙasa, ana ɗaukar 'ya'yan ƙauyukan yankin ana horar da su sintiri. Kuma akwai Fulani da manoma da doka ta amince su zauna a keɓaɓɓun wurare cikin gandun, irin su Chappal Hendu da Filinga, waɗanda babu yadda za a tsare dajin nan ba da hannunsu ba.

Da la'asar, bayan mun sauke mai gadin, muka ƙara gaba zuwa Mayo Selbe, muka fara hawan Mambila. Titin yana naɗewa jikin dutse, kwana bayan kwana, direba na ta salati. Muka tsaya a wani faffaɗan wuri muka waiwaya: duwatsun Gashaka jere a bayan juna, ruwa na sauka a wani kwari, rana na haska wani. Da rani hazo kan rufe wannan duka. Sanyi da yayyafi suka koro mu, muka sauko Serti ana kiran magariba.

Mai son ganin ɓauna ko taka Gangirwal, ya jira rani. Wanda kuma ya samu hali da damina, ya je da mota mai ƙarfi da takalmin ruwa, ya bi maganar mai gadi, kada ya yi gardama da rafi. Ina roƙon makarantunmu su riƙa kai ɗalibai, hukuma kuma ta gyara hanya ta kula da haƙƙin masu gadin nan da iyalansu. Dajin Gashaka amana ce a wuyanmu duka, domin ruwansa muke sha.