Samanja da Hausar 'Ya'yanmu

Duk sanda na kai yarana Kano hutu, sai 'yan uwa su yi ta yi musu dariya, wai Hausarsu ta Agege ce, an gauraya ta da Yarbanci da broka. Ƙaramin cikinsu har ya daina magana a gaban mutane. Wannan ne ya sa nake tuna marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba 2023.

Mutane da yawa sun san shi a matsayin ɗan wasa kawai, amma shi ne yake tsara wasan da kansa. Banufe ne daga Pategi ta jihar Kwara, ya yi aikin soja, kuma daga rayuwar bariki ya samo labaransa, waɗanda rediyo da talabijin na Kaduna suka riƙa yaɗawa tun shekarun 1970. Sunan ma daga muƙamin sajan manjo ya fito. Samanja zai fara zance da Hausa, ya tsallaka broka, ya dawo, daidai yadda ake magana a barikin Ikeja. Ba kuskure yake yi ba, ya san inda kowace kalma za ta faɗa ta ba da dariya.

A Amurka ma an yi irinsa. Mel Brooks, wanda ya tashi cikin Yahudawa baƙi a Brooklyn, ya fara da rubuta wa Sid Caesar barkwanci a talabijin, sannan fim ɗinsa The Producers na 1967 ya ci masa kyautar Oscar ta rubutu. Bai ɓoye yaren gidansu ba, da shi ya ci abinci.

To mu fa? Muna da Zango da kasuwar abatuwa da 'yan canji, muna da Bahaushen da ke ciniki da Iya mai tumatir cikin harshe uku. Labarai ne jibge, amma har yanzu Kano muke jira ta ba mu dariya.

Ni dai na ce wa yarana su gyara Hausarsu, amma kada su ji kunyar wadda suka tashi da ita. Na saya wa babban littafin rubutu, na ce duk abin dariyar da ya ji a layinmu ya rubuta shi yadda aka faɗa.

Allah ya jiƙan Samanja, ya sa mu cika da imani.