Mafarautan Mubi da Maganar Ɗurin Bindiga

Daga Yola zuwa Mubi tafiyar kilomita wajen 200 ce, ta Girei da Song da Gombi da Hong, har a kai Mararraba a karya dama. Tun daga Hong duwatsu suke fara rakiyar matafiyi, wasu a tsaye ƙiƙam, wasu a jibge kan juna, kuma da an doshi Mubi sai jerin tsaunukan Mandara ya tare gabas gaba ɗaya. Bayan tsaunukan nan Kamaru ce. Direbobi sun san shingayen hanyar ɗaya bayan ɗaya, sun san inda ake rage gudu da inda ake kunna fitilar cikin mota in dare ya yi. A wasu wuraren ba soja ko ɗan sanda kaɗai za ka gani ba. Akwai mutane masu riguna ruwan ƙasa da suka sha layu, da wuƙa a damtse, da doguwar bindiga rataye a kafaɗa. Su ne mafarauta, kuma saboda su na zo.

Garin da ake yi wa kirari da Sabon Dale yana kwance ne a gaɓar kogin Yedzaram, ƙananan hukumomi biyu suka raba shi, Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Keke Napep ne ke ɗibar mutane daga Lokuwa zuwa Yelwa, daga Kolere zuwa Wuro Gude. A kasuwa kunnenka zai ji Fulatanci da Hausa suna musayar wuri a ciniki guda, ga Gude da Fali da Margi da Higi a gefe, ga 'yan canji da damin sefa. Kasuwar shanu kuwa ita ce taƙamar garin: dabbobi daga Chadi da Kamaru, tireloli a jere suna jiran lodi zuwa kudu. Mubi ta taɓa zama ƙarƙashin Jamus, sannan Ingila ta riƙe ta amana, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigar da yankin cikin Najeriya, garin ya zama hedikwatar Lardin Sardauna. Yau ga Jami'ar Jihar Adamawa, ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya, ɗalibai ko'ina.

Ba sai ka tambayi kowa dalilin da ya sa bindigar mafarauci ke da daraja a nan ba. A farkon Oktoban 2012 aka bi ɗakunan ɗalibai a Wuro Patuji aka kashe fiye da ashirin. Ranar 1 ga Yunin 2014 bam ya tashi a Kabang bayan wasan ƙwallo. Ranar 29 ga Oktoban shekarar Boko Haram ta shigo garin, ta sa masa suna Madinatul Islam, jama'a suka fantsama, wasu Yola, wasu suka hau duwatsu suka tsallaka Kamaru da ƙafa. Har Vimtim, mahaifar Alex Badeh wanda yake babban hafsan tsaron ƙasa a lokacin, ba ta tsira ba. Zuwa tsakiyar Nuwamba aka ƙwato Mubi, kuma sunan da ya fi fitowa a bakin mutane tare da na sojoji shi ne na mafarauta da 'yan banga, masu bindigar toka da kwari da baka. Daga cikin irinsu ne Aisha Bakari Gombi ta yi suna har ƙasashen waje.

Na same su da hantsi a gindin wata bishiyar darbejiya a bayan gari, inda suke taruwa kafin a raba aiki. Bindigogi a jingine da bango, baki sama. Na gaida wani dattijo mai furfura a gemu, na ce Baba, waɗannan da ke jingine, a ɗure suke ko babu komai a ciki? Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce malam, ai tambayarka ta fi ƙarfin amsa guda, zauna tukuna.

Ya jawo tasa ya ɗora a cinya. Aikin maƙeri ce, bututun ƙarfe a kan itace, an ɗaure da zobban ƙarfe, mariƙin ya yi sheƙi don shan hannu. Irin wannan ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a tura tsumma a danna da sandar ƙarfe, a zuba harsashi, a sake toshewa. Duk wannan bai sa ta tashi. Sai an ɗora ɗan abin da ke kama wuta a gindin bututun, an ja kunama baya, sannan ta zama abin tsoro. Ke nan hali uku gare ta: wofi, ko a ɗure amma ba a ɗana ba, ko a ɗure a ɗane. Ya ce a daji hali na biyu ake tafiya da ita, sai an ga sawu ko an ji motsi sannan a ɗana. Mai yawo da ita a ɗane cikin ƙaya da sarƙaƙiya, reshe ɗaya ya isa ya fizgi kunama, kuma wanda ke gabanka a layi ɗan'uwanka ne.

Abin da ya daɗe a kansa shi ne mantuwa. Bindigar toka ba ta da tagar da za ka leƙa ka ga cikinta. Mutum ya ɗura yau bai harba ba, ya rataye, bayan kwana biyu ya ɗauka ya sake ɗurawa a kan na farko. Bututun da maƙeri ya yi don ɗuri guda ba ya ɗaukar biyu. Fashewa yake, ya tafi da yatsu, wani lokaci da ido. Shi ya sa ƙwararru ke yi wa sandar ɗurin alama: a zura ta, in ta nutse har alamar to babu komai, in ta tsaya sama to akwai ajiya. Ga kuma damina. Albarushin da ya kwana a bututu yana shan danshi, ka ja kunama ta yi shiru, ka sauke ta kana dubawa, sai ta tashi a makare. Ya ce wanda bindiga ta yi wa shiru, ya bar bakinta inda ya nufa ya ƙirga numfashinsa, kada ya kuskura ya juyo da ita wajen jama'a.

Wani matashi da ke gefe, mai bindiga baki biyu irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi, bai yarda da duka ba. Cikin ladabi ya ce Baba ya yi gaskiya a kan farautar nama, amma abin da suke bi yanzu yana da AK-47, kuma shi ke fara ganinka. Wanda ya tsaya laluben aljihu bayan an buɗe masa wuta, sai dai a ba da labarinsa. Shi kam da sun bar kwalta harsashi biyu na ciki. Dattijon ya ce to, da kun dawo kwalta fa? Yaron ya yi dariya, ya karya bindigar ya saɓa ta a kafaɗa, ramuka biyu a buɗe kowa na gani. Na lura cewa gardamar tasu ba ta kan ko a ɗura ko kada a ɗura ba ce. Ta kan inda daji ya ƙare gari ya fara ce, kuma a shekarun nan iyakar takan matsa.

Wannan gardama tana da 'yar'uwa a Amurka, inda doka ta ba farar hula damar yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye cikin tufafi, kuma Kotun Ƙolinsu ta ƙara ƙarfafa wannan 'yanci a 2022. Can ana musu ne a kan ko a bar harsashi guda a ɗakin tashi, ja ɗaya ya fita, ko a bar shi wofi sai an zaro bindigar an ja samanta baya. Masu son a ɗure suna kafa hujja da gwajin da wani ɗan sanda mai suna Dennis Tueller ya wallafa a 1983, cewa mai wuƙa na iya cin tazarar ƙafa 21 cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Suna ƙarawa da cewa hannunka ɗaya na iya kasancewa riƙe da yaro ko yana kare sara, alhali ɗanawa hannu biyu take so. Masu son wofi, salon da ake dangantawa da Isra'ila, suna cewa ranakun da za ka taɓa bindigarka kana sawa kana cirewa sun fi ranar faɗa yawa nesa ba kusa ba, kuma irin su Glock ba su da wani makulli na daban da ake turawa da babban yatsa. Tun zamanin libarba ƙirar Colt ta 1873 masu hankali harsashi biyar suke sawa a gurbi shida, su kwantar da kunama a kan gurbin da babu komai, don kada faɗuwa ta tayar da ita. Da na ba dattijon wannan labari sai ya gyaɗa kai, ya ce ashe su ma suna da tsofaffi.

Sai dai a Najeriya ba a ma kai ga wannan musu ba. Dokar makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Fistol da libarba suna gidan farko tare da bindigogin yaƙi, wanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar harbin tsuntsu da ta farauta suna hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Masu ɗuri ta baki, irin ta Baba, sha'aninsu na kwamishinan 'yan sandan jiha ne. Wata dokar ta 1984 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka ɗan kasuwar Mubi da ya soke fistol a ƙugu, tambayar farko da zai amsa ba ta ɗuri ba ce.

Kuma ko da doka ta yi shiru, garin ba zai yi ba. Ranar 21 ga Nuwamban 2017 wani matashi ya shiga masallaci a Unguwar Shuwa lokacin sallar asuba da bam a jikinsa, mutum aƙalla hamsin suka rasu. Ranar 1 ga Mayun 2018 aka sake yi, biyu a jere, a masallaci da kasuwar da ke kusa da shi. Duk abin da ya cuci Mubi a waɗannan ranaku a ƙarƙashin riga ya shigo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutanen nan sun koyi kallon kumburin tufafi, da tafiyar da ba ta yi daidai ba, da baƙon da ya sa rigar sanyi cikin zafi. Mafarauci da bindiga a kafaɗa ba ya firgita kowa, domin an san gidan ubansa, an san Sarkin Bakan da zai amsa in ya yi ba daidai ba. Mai ɓoyewa kuwa, komai kyan niyyarsa, ya sa kansa a sahun da jama'a ba sa jiran bayani kafin su yi hukunci.

Na san ana ta kiran a kare kai. Janar T.Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a Maris ɗin 2018, gwamnan Zamfara na lokacin Bello Matawalle ya ce a nemi lasisi a 2022, kuma wanda aka taɓa kora daga gidansa da ƙafa ba za a ga laifinsa ba in maganar ta yi masa daɗi. Amma ni dai a nawa gani, cikin gari bindiga wofi ta fi. Harin da Mubi ta sani, ko ayarin motoci ne ko bam, ba daƙiƙa ɗaya da rabi ce ke raba shi ba. Labari da wuri ne, da idon maƙwabci, da mutanen da suka san hanyoyin dutse. Harsashin da ya suɓuce kuwa a cikin keke ko a layin mai shayi ba ya dawowa, kuma 'yan Najeriya sun gaji da jin an ce kuskure ne ko daga bakin masu kaki da aka horar. Wani malami da muka yi sallar azahar tare ya tuna min cewa maganar tsohuwa ce: Buhari da Muslim sun ruwaito umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ga mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau, cewa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani, da kuma hanin nuna ɗan'uwa da makami.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mai baki biyu karyawa kawai zai yi ya zare harsashinsa ya mayar aljihu. Mai bindigar toka ba shi da wannan sauƙi. Hanya mafi sauri ta fitar da ɗuri ita ce a harba shi, ƙarar bindiga kuwa a gefen Mubi tana iya sa mata su kwashi yara, 'yan kasuwa su fara jan ƙofa. Don haka sai a yi nisa da gari a juye ta a tudun ƙasa, a kuma sanar da sojojin da ke kusa kada su ɗauka wani abu ne. Ga albarushi da harsashi da kuɗi ake saye, mafi yawa daga aljihun mafaraucin da shi ma manomi ne mai iyali. Dattijon bai ɓoye min ba: akwai masu jin asarar ɗuri guda, su cire abin kama wutar kawai su shigo da ita gida a ɗure, su rataye a ƙusa a ɗakin da yara ke shiga. Ya ce in ya kama yaronsa da haka, karɓe bindigar yake yi sai bayan sati, amma mafarautan ƙasar Mubi suna da yawa, daga nan har Maiha da Uba, kuma ba duka ne yaransa ba.