Takabar Zuciya Ma Tana Da Ranar Fita

Bahaushe gwani ne wajen koyar da haƙuri. Tun muna ƙanana ake karanta mana cewa mahaƙurci mawadaci, kuma in aka yi rashi, gaisuwar kowa ita ce "ya ƙarin haƙuri?", mai makoki ya amsa "da godiya" ko da zuciyarsa na tafasa. Mun iya zaman makoki, mun iya kai tuwo gidan mutuwa, mun iya zama shiru kusa da wanda hawaye ya hana magana. Abin da ba a cika koya mana ba shi ne yadda mutum zai koma ga farin ciki bayan raunin ya warke, ba tare da ya ji kamar ya ci amanar wanda ya tafi ba.

Ni Bahaushiya ce Kirista, haifaffiyar ƙasar Zazzau, kuma shekara huɗu ke nan da rasuwar maigidana. Shekara biyun farko na yi su ne kamar wadda ke tafiya cikin hazo. Abinci ba ɗanɗano, barci sai ɓarawo, addu'a kuwa sai dai in durƙusa in yi shiru. Sauƙi ya zo a hankali, ta hannun matan Zumuntar Mata da ba su gaji da zuwa gidana ba, da likitan da ya gaya mini cewa ciwon damuwa cuta ce kamar kowace cuta, neman maganinta kuma ba raunin bangaskiya ba ne. Da sauƙin ya samu, sai wata sabuwar matsala ta ɓullo. In na yi dariya sai in waiga in ga ko wani ya gan ni. In na ɗauki zane mai haske sai in mayar da shi akwati. Tambaya ɗaya ke bina: me mutane za su ce? Za su ce ta manta.

Maƙwabtanmu Musulmi suna da wani tsari da na daɗe ina ganin hikimarsa. Matar da mijinta ya rasu takan yi takaba wata huɗu da kwana goma, ba kwalli ba turare. Ranar da kwanakin suka cika, sai ta yi wanka ta yi kitso, 'yan'uwa su zo taya ta fita. An yanka wa baƙin ciki iyaka, an kuma sanar da jama'a cewa iyakar ta zo. Amma takabar da zuciya ke ɗora wa kanta babu mai ƙirga mata kwanaki, shi ya sa wasu kan mutu a cikinta.

Wata tsohuwa a majami'armu, wadda duk muke kira Gwaggo, ita ta fara taɓo mini wannan magana ranar da ake shirin bikin 'yar ƙanwata, na ce zan tsaya a madafa in taya girki. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wanda ya warkar da ke bai yi haka don ki ci gaba da kwanciya a tabarmar jinya ba. Tashi ki sa kwalli." Na ce, "Gwaggo, ina jin kunya." Ta ce, "Kunyar wa? Je ki tambayi tarihin kakanninmu."

Tarihin da take nufi sananne ne a Wusasa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa ya sa ya ba Annabi Isa matsayi na musamman. An kashe shi a Kano, almajiransa da ake kira Isawa suka watsu, wasu suka nufi ƙasar Ningi. Wajen 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Dokta Walter Miller a Zariya, suka karɓi bangaskiyar Kirista, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Sun ɗauka sun samu wurin hutawa, sai ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa ya faɗa wa ƙauyen, ya kwashe mutane da yawa, dole waɗanda suka rage suka tashi suka bar kaburburan 'yan'uwansu a baya.

Mutanen da suka sha wannan wuya suna cikin waɗanda suka zauna a Wusasa daga 1929. Da sun ga dama da sun mai da sabon mazauninsu gidan makoki na har abada, kuma babu mai ganin laifinsu. Maimakon haka sai aka gina majami'ar St. Bartholomew da jar ƙasa, irin ginin magina Hausawa, aka buɗe makaranta da asibiti, aka ci gaba da aure da suna da waƙa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga makarantar nan aka samu Dokta Barau Dikko, likita na farko a Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Har yau ana tuna Gimi, amma ba wanda ya taɓa cewa waƙar Kirsimeti a Wusasa cin amanar matattun Gimi ce.

Da na koma ga Littafi Mai Tsarki sai na tarar da darasin yana jira na a labarin Ayuba. Mun saba tsayawa a kan haƙurinsa, yadda ya rasa 'ya'ya goma a rana ɗaya ya zauna cikin toka. Ba mu cika kula da ƙarshen labarin ba. Bayan wahalar ya sake haihuwar 'ya'ya goma, kuma sunayen 'yan matan uku ne kaɗai aka ambata. Masana harshen Ibrananci sun ce ma'anar sunan ta fari kurciya, ta biyu wani itace mai ƙamshi, ta ukun kuwa abin da mu za mu kira tandun kwalli. Uban da ya binne 'ya'ya goma ya yarda ya sake ƙauna, har ya raɗa wa autarsa sunan kayan ado. Yesu Almasihu ma, wanda ya yi kuka a kabarin Li'azaru, shi ne ya halarci biki a Kana ya hana murnar mutane yankewa. Bangaskiyar da ta ba ni izinin kuka ita ce ta ba ni izinin dariya, domin mai begen tashin matattu ba ya zaman makokin da ba shi da ƙarshe.

Wannan tambaya ba ta Kirista kaɗai ba ce, kuma a 'yan shekarun nan nakan tuna da 'yan'uwanmu Hausawan Sudan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, suka kafa garin Maiurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Su ma, kamar mutanen Gimi, sun bar gida saboda abin da suka yi imani da shi, sun bar kaburbura a hanya, suka sake dasa rayuwa, jikokinsu suka noma auduga a Jazira. Yanzu wuya ta sake zagayo su: rikicin Damazin da Rusairis a 2022, sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya cinye Wad Madani a Disambar shekarar, kafin soja su sake karɓe ta a Janairun 2025. Duk wanda ya tsira daga irin wannan, wata rana za a yi haihuwa a gidansa, a rasa ko ya dace a yi guɗa. Amsar da kakanninsu suka bayar a Maiurno ita ce wadda namu suka bayar a Wusasa: a tuna da matattu, a yi wa jariri guɗa.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa da Allah ya kawo wa sauƙi bayan dogon ciwon rai, kada ka ɓoye sauƙin kamar kayan sata. Tabon zai zauna, wasu ranaku ma zai yi ƙaiƙayi, sunan wanda ka rasa kuma ba zai bar bakinka ba. Amma wanda ya ƙaunace ka da gaske ba zai so ka ƙare kwanakinka a duhu saboda shi ba. Mu kuma da ke gefe, mu daina ƙirga wa gwauruwa dariyarta, mu koyi cewa "barka da fita" kamar yadda muka iya cewa "ya haƙuri".

Allah ya ta'azantar da masu makoki, ya kawo salama a Sudan da ƙasarmu, ya ba waɗanda suka warke ƙarfin halin yin murna.