Hunƙuyi, Maƙarfi, Ikara: Gidajen da Ɓera Ya Fi So

Duk wanda ya ratsa ƙasar Kudan, Maƙarfi da Ikara a ƙarshen kaka, abin da zai fara cika masa ido shi ne abinci. Ka tashi daga Sabon Garin Zariya ka kama hanyar Hunƙuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, ba za ka yi nisa ba za ka fara cin karo da shanya a gefen kwalta: jan barkono, masara, wake, ƙauɗar tumatir. A bayan gidaje ga dammunan dawa a jingine, a fadama ga rake ya kere tsawon mutum. Manomi na murna, ɗan kasuwa na murna. Akwai kuma mai murna na uku da ba wanda ya gayyace shi, wato ɓera.

Na zaga waɗannan ƙananan hukumomi uku na arewacin Jihar Kaduna da tambaya ɗaya a raina: me ya sa a unguwa guda wani gidan ɓera ke hana barci, maƙwabcinsa kuwa shiru kake ji?

Ƙannena ɗalibai, ba don ɓarnar hatsi kaɗai nake wannan tambaya ba. Cikin ɓerayenmu akwai wani ɗan madaidaici, mai laushin gashi, da masana ke kira ɓera mai yawan nono, domin macen kan yi nono 16 zuwa 24. Cikinta kimanin mako uku ne, kuma takan haifi 'ya'ya goma ko fiye a lokaci guda. Shi ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Shi ɓeran ba ya ciwo. Yana dai zubar da ƙwayar a fitsarinsa da kashinsa, a kan hatsi, a kwano, a bakin randa. Jihohin Ondo, Edo, Bauchi da Taraba ne suka fi shan wahalarta, amma Kaduna ma ba ta tsira ba: a Fabrairun 2024 cutar ta kashe ma'aikatan lafiya a asibitin sojoji na 44 da ke cikin garin Kaduna. Kuma ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, daidai lokacin da hatsi ya baro gona ya shigo gida.

A ƙauyukan Kudan na fi daɗewa ina kallon rumbuna. Tsohuwar rufewa ta laka, irin wadda kakanninmu suka gina, ba a ƙasa take zaune ba. A kan duwatsu ake ɗora ta, iska na wucewa ta ƙarƙashi, kaji na kiwo a wurin, kyanwa na iya shiga ta fita. Jikinta sumul, ƙofarta a sama, an rufe an kifa jinka. Ɓeran da zai shiga sai ya yi da gaske. Amma a gidaje da yawa rufewar ta tsage ko ta rushe, ba a sake ginawa ba. Yanzu sussuka ake yi, a ɗura a buhu, a jibge a ɗaki. Da na tambayi dalili, amsar da na fi ji ita ce tsoron ɓarawo. Dalili ne mai ƙarfi, ba zan raina shi ba. Sai dai buhun da aka ajiye a ƙasa, jingine da bango, a ɗakin da yara ke kwana, ya haɗa wa ɓera abinci da mafaka da ɗumi wuri guda, ya kuma kawo shi kusa da tabarmar mutum. A ganina nan ne tsohuwar dabara ta fi sabuwa. In ɓera na da sata, ai daddawa ma na da wari.

Sai ginin kansa. Bangon ƙasa ba laifi ba ne in ana yi masa yaɓe. Wanda ruwan damina ya zaizaye gindinsa, ya tsattsage, shi ne ƙofar ɓera. Ɗakin da aka yi wa daɓe mai kyau ko siminti ya fi wuyar haƙa bisa ga mai rairayi. Kada kuma mai gidan bulo da kwano ya yi dariya: baƙin ɓera, mai doguwar wutsiya, gwanin hawa ne, silin da azara su ne gidansa, shi ne kuke jin gudunsa a sama da dare. Na ga gidan siminti da ke da tazarar yatsu biyu a ƙarƙashin ƙofa. Ga ɓera, wannan ƙofa a buɗe take.

Na lura kuma gidajen bakin gari, waɗanda dangarsu ta haɗe da gona, sun fi kuka da ɓera bisa ga na tsakiya. Da damina yana gona abinsa, abinci ko'ina. Da an girbe, an kwashe kara, an cinna wa ciyawa wuta, ina zai nufa in ba gidan da ya fi kusa ba?

Maƙarfi, wadda ake ratsewa zuwa cikinta daga Tashar Yari a kan titin Zariya zuwa Kano, ƙasar rake ce da mazarƙwaila. Tun daga nesa za ka ji ƙamshin ruwan rake na tafasa. A wuraren matsa, tuƙar rake kan taru tsibi-tsibi a jira ta bushe a yi makamashi da ita, ga zaƙi ga ɗumi. Gonar raken ma, da yake takan daɗe a tsaye bayan an girbe dawa da masara, maɓoya ce ga ɓera da gyazbi duk tsawon rani. A cikin gida kuwa, dusar tumaki da aka bari a buɗe, tsabar da ta zube a gindin akurki, ƙanzon tukunyar da aka ce sai da safe a wanke, da jujin da ke manne da katanga, duk suna aiki iri ɗaya.

A hanya na ga yara da sanduna da karnuka, sun tura hayaƙi a ramin gafiya. Na san daɗin wannan wasa, da yawanmu mun yi. Amma hatsarin ba a gasasshen naman ya fi yawa ba; yana wurin kamawa da fiɗa, lokacin da jini da fitsarin dabbar ke taɓa hannun da ƙaya ta yaga. Kuma yaron da ya fita neman gafiya ba ya ƙyale ƙaramin ɓera in ya fito.

Bari in ɗan fita da ku waje. A ƙauyukan Madagaska, Kwango da Peru irin wannan tambaya ake yi, sai dai su abin tsoronsu wata cuta ce daban, wadda malamanmu ke kira ɗa'un. Ita ce ta hallaka miliyoyin mutane a Turai tsakanin 1347 da 1351, kuma a 1894 wani likita mai suna Alexandre Yersin ya gano ƙwayarta a Hong Kong. Ƙuma ce ke ɗauko ta daga jikin ɓera ta ciji mutum, sai zazzaɓi da kumburin kaluluwa. Ta taɓa addabar Legas daga 1924 zuwa 1931, kuma a 2017 ta kama mutum fiye da 2,000 a Madagaska, ta kashe sama da 200. A can ƙa'ida ita ce a kashe ƙuma kafin a kashe ɓera, domin da gawar ɓera ta yi sanyi, ƙumar kan sauka ta nemi jini mafi kusa. Mu a nan ba ɗa'un muke fama da ita ba, amma abin da ke jawo ɓera ɗaki a tsaunukan Madagaska shi ne ke jawo shi a Likoro da Gimi da Paki: hatsi a ɗakin kwana, rufi da bango masu kafa, gona a bakin ƙofa.

A kasuwar Ikara, garin tumatir da masara, na tsaya wurin masu sayar da maganin ɓera. Ga shinkafar ɓera a ƙulle a leda, ga gam, ga tarkon ƙarfe. Ciniki na tafiya sosai. Ni dai gubar nan ba ta kwanta mini ba. Kaza na tsattsage ta, yaro mai rarrafe na iya kai ta baki, kyanwar da ta ci mataccen ɓeran ita ma ta bi shi. In kuma abincin da ya jawo na farko yana nan, waɗanda suka rage za su cike gurbin cikin 'yan watanni. Haka nan jifar mujiya da muke yi saboda camfi asara ce, domin ɓera ne babban abincinta. Abin da ya fi burge ni a kasuwar bai kai guba farin jini ba: duro mai murfi, jarka, bokiti mai marufi, da buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS. Wani gida da na shiga a Ikara, an ɗora buhuna a kan katako, an bar rata tsakaninsu da bango yadda tsintsiya da kyanwa za su zaga. Kuɗin da aka kashe bai taka kara ya karya ba.

Ku 'yan makarantar kwana, akwatinku ƙaramin rumbu ne. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli da sukari su ne abin da ɓera ke nema, kuma kwaki da ruwan sanyi ake jiƙa shi, ba ya ganin wutar da za ta kashe ƙwayar cuta. A zuba shi a roba mai murfi. In kun ga kashin ɓera, kada ku share shi a bushe ƙura ta tashi. A yayyafa ruwa mai bilic tukuna. Mataccen ɓera kuma ba a ɗaukarsa da hannu, a sa leda ko shebur, a binne.

Lassa kan fara kamar zazzaɓin cizon sauro, kwana 2 zuwa 21 bayan kamuwa: zafin jiki, kasala, ciwon kai da na maƙogwaro. Cikin mutum biyar da suka kamu, kimanin huɗu ba sa jin jiki sosai, na biyar ɗin ne takan kwantar, kuma wasu da suka warke sukan rasa ji. Tana kuma bin jini da sauran ruwan jikin majinyaci ta kama mai jinya. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya bai sauka ba, musamman da rani a gidan da ɓera ke yawo, na asibiti ne ba na kemis ba, domin maganin ya fi aiki in an fara da wuri. Lambar hukumar NCDC ta kira kyauta ita ce 6232.